Kafin Tsofaffinmu Su Tafi Da Labarin Fari Da Ambaliya

 

Magabata ba su barin masifa ta wuce ba su raɗa mata suna ba. Yunwar 1914 sun kira ta Kakalaba, kamar yadda aka kira farin shekara ta 18 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Umar (RA), Shekarar Toka. Waɗanda suka ga Kakalaba sun kwanta dama, Allah Ya jiƙansu. Shaidun farin 1973 kuwa suna nan a Karaye da Rogo, amma kullum raguwa suke yi.

Su ne suka san rijiyar da ba ta ƙafe ba a wancan fari, da irin geron da ya nuna duk da ƙarancin ruwa. Su ne suka san inda ruwa ke kwanciya tun kafin a kammala madatsar Challawa a 1992. Yau matashi kan sayi fili da rani, sai damina ta sanar da shi cewa kan hanyar ruwa ya gina.

A ganina, Masarautar Karaye ta umarci dagatai da masu unguwanni su tara dattawa, har da tsofaffin mata, domin su suka san abin da aka ci da rumbu ya ƙare. Ɗaliban Islamiyya su naɗi muryoyinsu a waya, a rubuta da boko da ajami, a kai wa hukumar SEMA kwafi.

Wani zai ce ai ƙaddara ce. Haƙiƙa. Amma Annabi Yusuf (AS) da aka sanar da shi fari na tafe, hatsin shekara bakwai ya sa aka adana.

Wassalam.