Wa Ya Binne Tauraruwa Mai Wutsiya?

Kwanakin baya, a wani taron ƙara wa juna sani a nan Yola, wani abokin aiki ya miƙe ya ce ƙagaggen labarin kimiyya tatsuniyar Bature ce da aka sanya wa hular ƙarfe, don haka bai ga abin da ɗalibin Hausa zai tsinta a cikinsa ba. Aka yi dariya, aka tafa. Ni dai ban tafa ba, domin da irin wannan dariya muka binne littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata.

Malam bai bambance tsakanin aya da tsakuwa ba. A tatsuniya, idan aljani ya sure mutum, ba mai tambayar ta yaya. A labarin kimiyya kuwa, marubuci yakan sauya abu guda a tsarin duniya, sa'annan ya bi sawun abin da zai biyo baya, kuma dole hujjarsa ta zauna. Dubi labarin Nightfall na Isaac Asimov, na 1941. Ya ƙaga wata duniya mai rana shida, wadda mutanenta ba su san dare ba sai sau ɗaya a cikin shekara 2049. Ranar da duhu ya sauko, taurari suka bayyana, sai hankalinsu ya gushe, suka cinna wa biranensu wuta don neman haske. Ina aljani a nan? Tsoro ne, da jahilci, da masanan da suka yi gargaɗi aka yi musu kunnen uwar shegu. Shekarun Asimov 21 lokacin, ɗalibi ne kamar masu karanta wannan mujalla.

Abin da ya samu, wanda Dembo bai samu ba, shi ne edita. John W. Campbell ya karɓi mujallar Astounding a 1937, ya riƙa mayar wa matasa da rubutunsu yana neman hujja, har Asimov da Robert Heinlein suka goge a hannunsa. Ba waliyyi ba ne, kada a ce na ɓoye: a 1967 ya ƙi buga Nova na Samuel Delany saboda tauraron labarin baƙar fata ne, kuma a 2019 aka cire sunansa daga kyautar da ake bayarwa don tunawa da shi. Wato dai tun farko ba a tanadar mana kujera a cikin kumbonsu ba. To, wa muke jira ya tanadar mana?

Na yarda littafin Dembo yana da rauni, ƙafarsa ɗaya tana cikin tatsuniya, ga nasiha ta yi masa yawa. Amma ya ɗauki yaro, Kilba, ya kai shi sararin samaniya da harshen Hausa, manazarta kuwa muka ba shi layi biyu a tarihin zube muka wuce.

Kada wani ya ce ba mu da kayan aiki. A Kamaru aka gina madatsar Lagdo, aka gama a 1982. Takwararta ta Dasin Hausa, wadda za ta tare ruwan a ɓangarenmu, ba a kammala ta ba, ga kuma abin da Binuwai ya yi wa Adamawa a 2012 da 2022. Masunci a bakin gadar Jimeta ya san cewa wani injiniya a wata ƙasa na iya buɗe ƙofa cikin dare, gonar surukinsa ta kwana a ruwa. Ɗalibanmu sun cika mujallar nan da soyayya da kishiya, babu wanda ya zauna ya ƙaga mana Jimeta ta shekarar 2080, da ruwanta, da zafinta, da mai riƙe da mabuɗin madatsar. Mu malamai ne ba mu taɓa tambayar su ba.