Ina Ruwan Mahukunta da Ruwan Asibiti?

'Yan'uwa ɗalibai, kowa ya san tarihin rijiyar Kusugu, inda maciji ya hana mutanen Daura ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. An kashe macijin tun zamanin Bayajida. To, mene ne ke hana ruwa zuwa ɗakunan jarirai a asibitocinmu?

Jaririn da aka kwantar, musamman bakwaini, ba shi da garkuwar jiki ta kirki. Fatarsa kamar ɓawon albasa take, cibiyarsa ɗanye ce, ga robar ƙarin ruwa a jijiyarsa. Duk waɗannan ƙofofi ne. Hannun da ya taɓa wancan jariri ya zo kan wannan ba a wanke ba, shi ne ke ɗauko ƙwayar cuta irin su Kilebsiyela, wadda sau da yawa ba ta jin magungunan da aka saba bayarwa. Uwa ta taso daga Baure ko Zango ko Mai'aduwa, ta sayar da akuya ta biya kuɗin mota, an kwantar da ɗanta saboda shawara, cutar jini ta kama shi a kan gadon da aka zo neman sauƙi. Sai a ce da ita kwana ne ya ƙare. Mun yarda rai na Allah ne, amma kada mai riƙe da kasafin kuɗi ya fake da wannan magana.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1847 Likita Semmelweis ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin a ɗakin haihuwa na Biyana, mutuwar masu jego ta faɗo daga kusan kashi 18 cikin ɗari zuwa kashi 2 cikin 'yan watanni. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe irin tamu, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 na kamuwa da wata cuta a asibitin, kuma tsafta na iya kawar da kashi 70 cikin ɗari na irin wannan kamuwa.

Ba ma'aikaciyar jinya muke tuhuma ba. Wadda aka bar wa ɗaki cike da jarirai ita kaɗai cikin dare, da bokitin ruwa guda, yaya za ta yi? Muna tuhumar masu son kwangilar gini da fenti da bikin yanke zare, domin sabulu ba ya ɗaukar hoto. Daura ta sami sabbin gine-gine, har da asibitin sojojin sama da aka buɗe a 2019, madalla. Amma ina alkawarin Abuja na 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi?

Ku kuma ƙananan ma'aikata, takardun sayayya ta teburinku suke bi. Muna so famfo mai zuba da sabulu su kasance a ƙofar kowane ɗakin jarirai, a daina haɗa jarirai biyu a kwalba guda, kuma kowane asibiti a Jihar Katsina ya liƙa adadin jariran da suka kamu da cuta a cikinsa, wata-wata, inda iyaye za su gani.