Ɗan Jarida Ba Maroƙi Ba Ne

Sashe na 22 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa kafafen watsa labarai nauyin bin diddigin masu mulki a madadin talakawa. Sauke wannan nauyi yana buƙatar jarunta. A shekarar 1984, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda ƙarƙashin dokar soja mai lamba 4. Sai dai kwaɗayi ya fi kurkuku yi wa aikin jarida illa, domin Hausawa sun ce idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Wakilin da ya karɓi na-goro daga hannun gwamna ba zai iya tambayarsa inda kuɗin gyaran makarantu suka shiga ba. Daga ranar ya zama maroƙi.