Masu Tattakin Kwazazzabai A Hunturu: Ba Ayari Sai Da Madugu

A kudu maso yammacin Amurka, wajen jihohin Arizona da Yuta, akwai wata ƙasa ta hamada wadda ruwa ya daɗe yana sassaƙar duwatsunta, har ya bar kwazazzabai masu zurfi, jajaye wur kamar an yaɓa musu jar ƙasa. Mafi girmansu shi ne wanda Amurkawa ke kira Grand Canyon, watau Babban Kwazazzabo, wanda Kogin Kolorado ya haƙa. Tsawonsa mil 277 ne, zurfinsa kuwa ya kai mil guda. Da zarar hunturu ya kama, sai ka ga mutane ƙungiya-ƙungiya, maza da mata, waɗanda sha'awar tattaki ta haɗa, sun yi sammako sun rataya jakunkuna, su gangara cikin irin waɗannan wurare da ƙafa, su wuni, su fito kafin dare.

Na san mai karatu zai ce, wannan ai wahalar banza ce, mutum ya baro ɗakinsa mai ɗumi ya tafi hawan dutse ba fatauci ba farauta. To, ni ban ga laifinsu ba. Jiki yana ƙaruwa da lafiya, zumunci yana ƙarfi, ido kuma yana ganin ikon Allah, gama duwatsun da ke can ƙasa bakin kogin, masana sun ce shekarunsu sun haura miliyan dubu ɗaya da ɗari bakwai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne daban. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi tafiyar sa-kai suke yi, kowa sarkin kansa ne, ni kuwa a ganina duk ayarin da zai shiga kwazazzabo tilas ne ya naɗa madugu tun daga bakin hanya, kuma in madugu ya ce a juya, to, a juya.

Da farko dai ya kamata a yaba musu wajen zaɓen lokaci. Ƙasan Babban Kwazazzabo a watan Yuli tanderu ne, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. A watan Yuli na shekarar 2004 wata ɗalibar koyon aikin likita, 'yar shekara 24, wadda ba ta daɗe da gama gudun dogon zango na birnin Boston ba, ta shiga wurin ita da abokin tafiyarta, tana ɗauke da ɗan ruwan da bai kai lita biyu ba, babu taswira. Sun zaci hanyar mil 15 ce, ashe 27 ce. Da ruwa ya ƙare, shi ya kwanta a inuwa, ita ta wuce neman taimako. Shi ya fita da rai, ita kuwa sai gawarta aka tsinta. Wanda ya san wannan labari ba zai yi mamakin masu jiran sanyi ba. Mu ma a nahiyarmu, Abzinawa masu ayarin gishiri zuwa Bilma ba su ratsa hamada da bazara, sai zafi ya karye. Shugaban ayarin nasu kuwa madugu suke ce masa, da kalmarmu ta Hausa.

Amma fa hunturun can ba irin namu ba ne, kuma yana da nasa tarkon. Na farko shi ne gajartar rana. A ƙarshen watan Disamba rana ba ta fitowa a Babban Kwazazzabo sai bayan ƙarfe 7 da rabi na safe, ta faɗi kafin 5 da rabi na yamma, watau hasken bai cika awa 10 ba, alhali a Kano ko ranar da ta fi kowace gajarta ta haura awa 11. Tsakanin dogayen bangayen dutse kuwa inuwa tana rigan faɗuwar rana sauka.

Na biyu, tafiyar kwazazzabo a juye take. Mai hawan dutse yana fara wahala da ƙarfinsa, ya ƙare da gangara. Mai shiga kwazazzabo kuwa da gangara yake farawa, ƙafa na gudu, hira na daɗi, sai bayan ya gaji sa'an nan hawa ya same shi. Bakin kwazazzabon na kudu yana kan tudu mai tsayin ƙafa 7,000, kogin kuwa yana wajen ƙafa 2,400. Ma'aikatan wurin suna gargaɗi kullum cewa hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka, kuma kada kowa ya yi niyyar kai wa kogi ya dawo a wuni ɗaya. Saboda haka wanda ya gangara awa uku, awa shida ke jiransa. In ya soma da ƙarfe 8, ya tsaya cin abinci, to, dare ya same shi a hanya ke nan.

Na uku, sanyin kansa. A sama dusar ƙanƙara ce, kuma farkon hanyoyin da ke gangarawa daga bakin kudu suna cikin inuwa, ƙanƙara takan daskare a kansu ta yi makonni, santsi kamar an zuba man gyaɗa, ga rami a gefe. Shi ya sa ake ɗaura ƙarafa masu tsini a ƙarƙashin takalmi. A ƙasa kuma da ɗumi, mutum ya tuɓe rigar sanyi, ya yi gumi, rigar auduga ta jiƙe. Da ya hauro da yamma iska ta buge shi, jiƙaƙƙiyar rigar nan ita ce za ta zuƙe ɗumin jikinsa, ya kama makyarkyata, daga nan hankali ya fara gushewa, har ya kasa gane hanyar da ya biyo da safe. Bugu da ƙari, a cikin sanyi ƙishirwa ba ta yin sallama, ga iska busasshiya. Hanyar da ake kira South Kaibab ba ta da ruwa ko ɗigo, a hanyar Bright Angel kuma akan rufe famfunan rumfunan hutu na sama da hunturu don kada bututu ya daskare ya fashe.

Duk waɗannan dalilai ne da ke nuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ranar 26 ga Afrilu, 2003, wani saurayi mai suna Aron Ralston ya shiga kwazazzabon Bluejohn a Yuta shi kaɗai, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Wani dutse ya gangaro ya danne masa hannun dama. Kwana biyar ya yi a wurin, ba wanda ya san inda za a neme shi, har ya yanke hannun da 'yar wuƙarsa ya tsira. Da yana da abokin tafiya, ko da ya bar sallahu a gida, da ba a kai ga haka ba.

To, amma yawa kaɗai ba ya tsirar da mutane, nan ne kuwa maganata take. A ranar 14 ga Satumba, 2015, mutum bakwai, dukansu sun haura shekara 50, abokan tattaki, suka shiga wani matsattsen kwazazzabo mai suna Keyhole a gandun daji na Zion, cikin Yuta. Lokacin ruwan sama ne a can, kuma sa'ad da suka karɓi takardar izini da safe an sanar da su ana sa ran ambaliya. Wuri ne da ake sauka da igiya, in ka sauka babu komawa baya sai gaba. Ruwa ya sauko, ambaliya ta cika kwazazzabon, ba wanda ya fita cikinsu. Ba na faɗin wannan don zargin mamata, gama ba wanda ya san abin da suka tattauna a tsakaninsu. Abin da labarin ke nunawa shi ne, dutse da ruwa ba su ƙirga kawuna. Irin wannan ambaliya ta fi yawa da damina, amma halin ɗan Adam cikin jama'a ɗaya ne rani da damina.

Kowa ya san halin nan. In mutum yana shi kaɗai, tsoro yana yi masa nasiha. In ya shiga cikin goma, sai kunya ta maye gurbin tsoro. Ba mai son ya zama na farkon cewa ya gaji. Mai dogon ƙafa ya yi gaba, tafiyarsa ta zama ma'aunin kowa, dattijo ko baƙon da ya zo yau yana baya yana haki, yana cewa ba komai. Wannan ya zaci wancan ya taho da taswira, wancan ya zaci wannan ya riƙo tocila. In hadari ya taso, kowa ya dubi fuskar ɗan'uwansa, ya ga bai ce uffan ba, shi ma ya yi shiru, alhali duk zukatansu suna cewa a koma. Ga shi kuwa cikin zurfin kwazazzabo waya ba ta kamawa, balle a kira agaji.

Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun san maganin wannan tuntuni. Ayarinsu yana da jagaba mai nuna hanya, yana da madugu wanda shi ke faɗin lokacin tashi da wurin zango, kuma attajiri komai dukiyarsa, muddin yana cikin ayari, maganar madugu yake bi. Abin da masu tattakin wuni ɗaya ke bukata ke nan, ba ƙari. Tun a bakin hanya, kafin ƙafa ta taka gangara, madugu ya tambayi ma'aikata halin sama da na hanya, ya duba kowa yana da ruwa, da abinci mai gishiri, da rigar sanyi, da tocila, da ƙarafan takalmi. Ya ƙirga mutanensa. Ya sa jagaba a gaba, ya sa ƙaƙƙarfa a can baya, kada a bar kowa shi kaɗai ko da shi ne ya nemi a bar shi. Ya bar wa wani a gari sunan hanya da lokacin dawowa. Mafi muhimmanci duka, ya yanke sa'ar juyawa da agogo, a ce ƙarfe 11, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba.

Na san abin da masu wannan sha'awa za su ce. Za su ce mu manya ne, mun gudo daga umarnin ofis don mu shaƙi iskar 'yanci, yaya za a sake ɗora mana shugaba a daji? Magana ce mai kama hankali, amma tana da gyara. 'Yancin mutum yana nan cikakke a bakin hanya: ya ga dama ya bi ayarin, ya ga dama ya zauna. Da zarar ya gangara, ransa ya haɗu da na sauran. In ya ɓace, su ne za su kwana a sanyi suna nemansa. In ya karye, ma'aikatan ceto ne za su bi ƙanƙara cikin duhu, ko su tashi jirgi mai saukar ungulu tsakanin duwatsu, su ma kuwa suna da iyali a gida. Sa'an nan madugu yana sauke wa mai rauni nauyin kunya, domin in shi ya ce a juya, ba wanda za a nuna da yatsa a ce shi ya ɓata tafiya.

Wasu kuma za su ce, in madugun ya yi kuskure fa, aka juya sa'an nan hadari ya baje? Lalle zai faru, ba sau ɗaya ba. Asarar kuwa ita ce ba a ɗauki hoto a wuri kaza ba. Dutsen da ya shekara miliyan dubu a wurin ba zai tashi kafin mako mai zuwa ba, da muguwar rawa kuwa gara ƙin tashi.

Wannan jan kunne ya shafe mu, domin 'ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Amurka abokai suna gayyatarsu irin wannan tafiya, kuma baƙo ya fi kowa jin nauyin cewa ya gaji. A nan gida ma samari sun fara haɗa ƙungiyoyin hawan duwatsu a Abuja da Jos. Shawarata gare su ita ce, kafin ka ce na'am, tambayi wane ne madugu, kuma ƙarfe nawa za a juya. In aka yi maka dariya aka ce ai duk ɗaya muke, to, ka yi musu fatan alheri ka koma gida. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su ga iyalansu lafiya, amin.