Tsohuwar Windows: Kwamfuta na aiki, amma mai gadi ya tashi

Yau za mu leƙa cikin kwamfutocin da muke amfani da su ne, wato na ɗakin kwamfutar makaranta, da laftof ɗin da yaya ya bar mana, da wadda Baba ya sayo ta hannu domin mu riƙa gwajin JAMB. Yawancinsu Windows 10 ce a kansu, wasu ma Windows 7. To, tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawar kyauta da yake bai wa Windows 10. Ita kuwa Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020 aka sallame ta, Windows XP kuma tun Afrilun 2014.

Da yawa za su ce, to sai me? Ai kwamfutar tana kunnuwa, tana buga takarda, tana kunna fim. Gaskiya ne, kuma haka za ta ci gaba da yi. Abin da ya tsaya ba ya ganuwa a fuskar allo. Babbar manhaja irin Windows mutane ne suka rubuta ta, layi miliyoyi, kuma dole a samu kurakurai a ciki. Wasu kurakuran ɓaraka ce da masu kutse ke bi su shiga. Duk ranar Talata ta biyu a wata Microsoft kan fitar da faci domin toshe waɗanda aka gano. Wannan facin ne aka daina aikowa. Ku ɗauka katangar gida ce da damina: ba a rana ɗaya take zubewa ba, amma idan mai yaɓe ya daina zuwa, tsagar bana za ta tarar da ta bara.

Akwai wani abin da ya fi wannan tayar da hankali. Windows 10 da Windows 11 'yan gida ɗaya ne, sassa da yawa na jikinsu iri ɗaya ne. Idan aka fitar da faci ga Windows 11, masu kutse kan zauna su nazarce shi su gano wace ɓaraka aka toshe, sannan su je su duba ko tana nan a tsohuwar. Sau da yawa tana nan. Ke nan gyaran da aka yi wa sabuwa shi ke nuna wa ɓarawo hanyar shiga tsohuwa.

Duniya ta ga misalin abin da rashin faci ke jawowa a ranar 12 ga Mayu, 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150. Tana shiga kwamfuta sai ta kulle duk fayilolin da ke ciki, ta nemi a biya Dala 300 da kuɗin Bitcoin kafin ta buɗe. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin likita har kusan 19,000. Abin takaicin shi ne tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin harin, Microsoft ya fitar da facin da ke toshe wannan ɓaraka, mutane ne ba su ɗora ba. Yawancin kwamfutocin da abin ya shafa Windows 7 ce a kansu, kuma a lokacin ana kula da ita. Su sakaci ne ya ci su. Mai Windows 7 a yau ko ya so ɗorawa babu abin ɗorawar.

Kada ku ce ɗan sakandare ba shi da abin sata. Akwai kalmar sirrin imel ɗin da kuka yi rajistar JAMB da shi, akwai shafinku na Facebook da za a iya amfani da shi a roƙi abokanku kuɗi da sunanku, akwai kuma asusun bankin Mama idan a kwamfutar take shiga. Ga aikin makaranta na zango guda da ka iya salwanta a dare ɗaya.

Matakin farko, ku san abin da ke hannunku. Ku danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ku rubuta winver, ku danna Enter. Za ta gaya muku wace Windows ce. Idan 10 ce, ku duba ko na'urar za ta ɗauki 11 ta hanyar manhajar PC Health Check ta Microsoft. Idan za ta ɗauka, hawan kyauta ne ga mai Windows ta halal, kuma magana ta ƙare.

Matsalar ita ce da yawa ba za su ɗauka ba. Windows 11 na buƙatar wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da RAM aƙalla gigabait 4, da masarrafa ta zamani, wadda a ɓangaren Intel ta fara daga zubi na takwas. Nan ne muke so ku buɗe ido in za a saya muku laftof ta hannu. Mai shago zai ce Core i5 ce, amma Core i5 suna ne kawai, lambar da ke biye ce ke faɗin shekaru. Idan kun ga i5-6300U, zubi na shida ce. Idan i5-8250U ce, ta takwas ce. Wasu masu gyara kan yi dabara su cusa Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, za ta kuma yi aiki, sai dai Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan faci ba. Ganin Windows 11 a allo bai isa hujjar biyan kuɗin sabuwa ba.

Ga wanda ya maƙale a Windows 10, Microsoft ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU, wanda ke kawo facin tsaro kaɗai zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Ana shiga da Dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitunan kwamfutarsa da asusun Microsoft, kuma sai zubin ƙarshe, wato 22H2. Rance ne na shekara guda domin mutum ya shirya.

Hanyar da muka fi so ga ɗalibi kuwa ita ce Linux. Babbar manhaja ce ta kyauta, ba ta sata ba, kuma ana yi mata faci a kai a kai. Nau'in Linux Mint yana kama da Windows a tsari, zubinsa na 22 kuma za a kula da shi har 2029. Yana tafiya lafiya a kan na'urorin da Windows 11 ta ƙi, yana zuwa da Firefox da LibreOffice na rubutu da lissafi. Kuna iya gwada shi daga filash ba tare da kun taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Amma yana da nasa cikas: CorelDRAW ba ya aiki a kansa kai tsaye, haka ma wasu manhajojin gwajin jarrabawa da aka yi domin Windows kawai. Kuma ɗora shi na dindindin na iya share komai, don haka a kwashe fayiloli tukuna, a kuma nemi izinin mai kwamfutar. Kada wani ya goge hotunan bikin Anti ya ce mu muka sa shi.

Idan duk wannan bai yiwu ba, a cire ta daga intanet. Koyon buga rubutu da Excel ba ya buƙatar data, kuma wannan shawara ce da shugabannin ƙungiyar kwamfuta za su iya kai wa malaminsu cikin ladabi. Sai dai a kula da filash, domin ita ce babbar dillaliyar cuta tsakanin shagon buga takardu da makaranta. Wanda ya taɓa buɗe filash ya tarar fayilolinsa sun koma gajerun alamomi masu ƙaramar kibiya ya san abin da muke nufi. Kada a danna su.

Wanda kuwa dole sai ya hau intanet da tsohuwar Windows, ya buɗe wa kansa asusu na talaka a kwamfutar, ya bar na shugaba sai in za a ɗora manhaja. Ya kunna tantancewa mai mataki biyu a imel ɗinsa, ya bar harkar banki ga waya mai samun sabuntawa, ya ajiye kwafin aikinsa a wani wuri dabam. Ya kuma sani cewa Chrome ta tsaya a zubi na 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023, don haka ita kanta burauzar ta tsufa. Manhajar riga-kafi tana taimakawa, amma aikinta kama ɓarawon da ta sani ne, ba ta gyara katanga.

Sai kuma masu tallar "facin Windows 7 kyauta" ko manhajar da ke mayar da Windows ta sata halal. Mutumin da ba ku sani ba yana neman ku ba shirinsa cikakken iko a kan kwamfutarku, yana ma cewa ku kashe riga-kafi kafin ku ɗora. Da kun ga wannan sharaɗin, ku rufe shafin.