Dogo Da Jitar Lantarki: Laifin Jita Ne Ko Na Kujera?

Na lura da wani abu a littattafanmu na soyayya, ban sani ba ko ku ma kun lura. Kusan duk jarumin da za a kawo sai an ce dogo ne, mai faɗin kafaɗa, wankan tarwaɗa. A wasu ma sai marubuciya ta zaunar da shi a lambu, ta ɗora masa jita a cinya yana kaɗa wa masoyiyarsa. Duk sa'ad da na zo irin wannan wuri sai dariya ta kama ni, don na san wadda ta rubuta ba ta taɓa ganin dogon mutum ya yi awa biyu a zaune da jita ba. Ni na gani, kuma ba abin sha'awa ba ne.

Akwai ɗan yayata, haifaffen ƙasar Faskari, irin dogayen nan da sai sun sunkuya za su shiga zaure. Tun yana ƙarami yake son kiɗa. A shekarun da tsaro ya taɓarɓare a yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, musamman bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara su fiye da 300 a watan Disambar 2020, hirar dandali da wasan dare suka ja baya a garuruwa da dama. Kiɗan samari ya koma cikin ɗaki, kuma kiɗan ɗaki a zaune ake yin sa. Yaron nan ya tara kuɗin ƙwadagonsa na damina biyu, ya ba wani mai zuwa Kano saƙo, aka sayo masa jitar lantarki ta gwanjo da ɗan ƙaramin lasifika mai caji. Bai gwada ta ba, hoto kawai ya nuna. Bayan wata uku na same shi ya rataye ta a bango, wai bayansa da wuyansa ne ke ciwo. Uwarsa kuwa har ta fara cewa ai dama ta faɗa, wannan abu ba alheri ba ne.

Da na ce ya kaɗa in gani, nan take na gane inda gizo ke saƙa. Ya zauna a kan kujerar roba mai hannu, gwiwoyinsa sun yi sama, jitar tana can ƙasa a kan cinyarsa ta dama, shi kuma ya ranƙwafa a kanta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Dogon mutum gangar jikinsa ma doguwa ce, saboda haka tazarar da ke tsakanin cinyarsa da kafaɗarsa ta fi ta gajere. Jitar ba za ta taso ta same shi ba, shi ne zai sauka ya same ta, kuma ƙashin bayansa ne ke biyan kuɗin wannan sauka.

Ra'ayina shi ne mun yi sake da wata hikima da iyayenmu suka sani. Mai gurmi ko mai garaya ba ya sayen kayan kiɗansa a hoto. Ko dai shi ya haɗa abinsa, ko ya zauna da mai haɗawa, a zaɓi ƙwarya ko ice, a yanke sanda daidai tsawon hannunsa. Kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ɗan mitsitsi ne mai tsirkiya ɗaya, a ƙirji ake riƙe shi, dogo da gajere duk ɗaya ne a wurinsa. Jitar lantarki kuwa a masana'anta ake yin ta, dubbai a kan awo guda, ba ta san wanda zai ɗauke ta ba. Tun da ba za a auna maka ita ba, ya zama dole kai ka auna kanka da ita.

Abin da samarinmu ke fara tambaya shi ne tsawon wuya, wai dogo sai jita mai dogon wuya. Wannan ba shi ne muhimmi ba. Tsawon tsirkiyar Fender Stratocaster, wadda ta fito a 1954, inci 25.5 ne, na Gibson Les Paul ta 1952 kuwa inci 24.75. Bambancin bai wuce santimita 2 ba. Mai dogayen yatsu zai ɗan fi sakewa a ta farkon, amma santimita 2 ba ta gyara ƙusumbi.

Abin dubawa na gaske shi ne gangar jitar da inda ƙugunta yake, wato wannan lotsawar da ke hawa kan cinya. Les Paul ƙaramar ganga gare ta, faɗinta wajen inci 13, ga nauyi da sau da yawa yakan haura kilo 4. A cinyar dogo sai ta nutse ƙasa. Gibson ES-335 ta 1958 faɗinta inci 16 ne, saboda haka gefenta na sama yana tasowa kusa da ƙirji, hannun dama ya sami wurin hutawa ba tare da kafaɗa ta zube ba. A wannan shekarar ta 1958 ce kuma Leo Fender ya fitar da Jazzmaster, wadda ya karkata ƙugunta da gangan domin makaɗan jazz da ke kiɗa a zaune. Abin dariya, su 'yan jazz ɗin ba su karɓe ta ba, wasu ne can daban suka ɗauka, ciki har da Thurston Moore na Amurka, wanda tsawonsa ya kusa mita 2. Ita kuwa Flying V, mai kama da kibiya, ita ma ta 1958, wadda yara ke mutuwar so a hoto, ba ta da ƙugu ko kaɗan, zamewa take yi daga cinya sai dai ka soke ƙafarka a tsakanin reshenta biyu. Albert King, ƙaton mutum dogo, da ita ya yi suna, amma shi ya saba da kayansa, kuma a dandamali rataye take a kafaɗarsa.

Na san wani zai ce, Malam, ina muka ga kuɗin Gibson a Sabuwa? Gaskiya ne. Galibin abin da ke zuwa hannun yaranmu kwaikwayon Stratocaster ne ƙirar ƙasar Sin, irin wanda ake samu a Sabon Garin Kano. To ba laifi, siffar ake nema ba sunan ba, kuma siffar Stratocaster tana da sassaƙa a baya wajen ciki da kuma inda damtse ke kwanciya, ba ta takura wa jiki. Ita ɗan yayata ya samu, kuma ban ce ya sayar ba.

Abin da muka yi bai ci ko kuɗin buhun masara ba. Da farko muka jefar da maganar kujerar roba, don hannuwanta suna tokare gwiwar hannu, kuma ta yi masa ƙasa. Kafinta ya yi masa benci ɗan ƙarami marar hannu, daidai yadda in ya zauna cinyoyinsa za su miƙe, tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai. Sannan muka je wurin baduku ya ɗinka maratayi mai faɗi na fata, da huji da yawa. Nan ne sirrin yake, kuma yawancin masu koyo ba su san shi ba: ko a zaune kake, ka rataya jitar, ka rage maratayin har ta ɗan tashi daga cinya ta zauna a kan cikinka. Da haka inda take in kana zaune nan take in ka miƙe, hannunka ba zai koyi abu biyu ba. In ya gaji da rataya, sai ya mayar da ita cinyar hagu, ya ɗora ƙafar a kan rabin bulo, wuyan jitar ya kalli sama, yadda masu kiɗan gargajiyar Sifaniya suke yi.

Mu dubi maƙwabtanmu na Nijar. Mdou Moctar, Buzu ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma bahago ne, wanda samun jitar da ta dace da shi ya fi na dogo wuya nesa ba kusa ba. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, kafin duniya ta san shi. Su Bombino na Agadas, da kuma 'yan Tinariwen da suka ci kyautar Grammy a 2012, sun saba kiɗa a zaune kan tabarma da shimfiɗa, a gefen tukunyar shayi. Sai dai zaman tabarma da jita yana son wanda ya horu da shi, kuma ga dogo mai koyo na fi son benci, ko in tabarmar ce dole, ya sa matashi a ƙarƙashinsa ya jingina da bango.

Wanda zai saya sabuwa kuwa, don Allah kada ya ba da saƙo. Kuɗin mota zuwa Kano ko Kaduna bai kai asarar jita sukutum ba. Ya je da ƙafarsa, ya roƙi mai shago kujera marar hannu, ya zauna da ita minti 15 ko 20, ya saki hannuwansa duka biyu ya ga ko za ta tsaya ko wuyanta zai rinjaya ƙasa. In ya ji yana leƙen tsirkiyoyi ta sama kamar mai leƙen rijiya, ya ajiye ta ko da launinta ya tafi da hankalinsa.

Da na koma wajensu da sallar da ta wuce, na tarar jitar ta sauko daga bango. Uwar tasa yanzu ƙararta ɗaya ce, wai ya hana ta barcin rana.