A Ba Mai Bincike Jari Tun Yana Da Ƙuruciya

 

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, ya wuce Kura, ko kuwa ya karkata ya nufi Bunkure, zai ga abin da kakanni ba su gani ba. Ko'ina a ƙasar Hausa ciyawa ta bushe, amma nan ga alkama kore shar, ga tumatir, ga albasa, ga shinkafa, iyakar ganin ido. Asalin wannan ni'ima shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 a zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa, ba inji ba jigo, ya bi babbar hanyarsa, ya rarrabu ƙanana-ƙanana har ya isa bakin gonar talaka a Bunkure da Kura da Garun Malam. Ba a yi wannan aiki da ka ba. Sai da masana suka auna tudu da gangare, suka gwada ƙasa, suka lissafa ruwan da kogi ke kawowa a shekara, sa'an nan aka sa hannu.

To, ilmin da ya kawo ruwa shi ne dai ake bukata ya tsare amfanin ruwan, kuma nan ne aka yi sakaci.

Manoman wannan yanki ba za su manta da 2016 ba. Shekarar ce tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuwa suka laƙaba mata Sharon, ta faɗa wa tumatir. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Ta shiga ƙasar Sifen a 2006, daga nan ta yi ta yaɗuwa har ta ƙetare Sahara. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare, tana zuba ƙwai a kan ganye. Idan tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta huda ganyen ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, ta yi ta ci daga ciki, inda feshi ba ya iske ta sosai. Cikin wata guda ko kusa da haka, in da zafi, ita ma ta zama uwa. Manomi ya ƙara magani, ya ƙara, ya ci bashi ya ƙara, ƙwaron kuwa sai sabawa yake yi da gubar. Gonaki suka ƙone kamar an bi su da wuta. Kwandon tumatir ya yi tsadar da ba a taɓa ji ba, daga Kwanar Gafan har Ikko. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekara ta tsaya don rashin abin niƙawa. A 2023 kuma annobar ta sake dawowa.

Ba ita kaɗai ba ce. Kacala tana toshe hanyoyin ruwa, har na ƙarshen layi ya rasa abin ban ruwa alhali na farkon layi gonarsa ta zama fadama. Inda ruwa ya daɗe yana kwanciya, gishiri kan taso ya kashe ƙasa. Yara masu wanka a magudana suna ɗaukar tsargiya daga katantanwar da ke ciki. In kuwa shekara ta yi kyau, tumatir ya yi yawa, sai ya ruɓe a bakin hanya, ko a yanka shi a shanya a ƙasa cikin ƙura.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana bukatar wanda zai zauna mata, ya duba, ya gwada, ya rubuta, ya sāke gwadawa. Wane ne zai yi? Ba shaihin malamin jami'a mai furfura ba, wanda taro da shugabanci suka cinye wa lokaci. Wanda zai shiga taɓo har gwiwa, ya kwana a gona yana ƙidayar ƙwarin da suka faɗa tarko, saurayi ne ko budurwa da suka gama karatu ba da daɗewa ba, suna da ƙarfin jiki da zafin nema. Irinsu ba su yi kaɗan ba. Akwai su a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke da tashar gwaji a nan Kadawa. Akwai su a Jami'ar Bayero, inda aka kafa cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a 2012. Akwai su a jami'ar Wudil. Abin da ba su da shi shi ne jari. Albashin ƙaramin malami ba ya sayen man babur na zuwa gona kullum, balle tarkon ƙwari, da madubin ƙara girman abu, da hayar filin gwaji, da ladan 'yan ƙwadago. Sai ya haƙura ya koma koyarwa kawai, ko ya nemi hanyar Turai, can a ba shi kayan aiki ya warware matsalar wasu.

Mutanen wasu ƙasashe sun gane wannan, suka ƙago kyaututtuka na musamman domin masu bincike 'yan farkon shiga. Ɗaya daga ciki ta taɓa zuwa Kano. A 2015 Malama Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, masaniyar ilmin yanayin sararin sama, tana cikin mata biyar da aka ba kyautar Gidauniyar Elsevier da ƙungiyar mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa. An ba kowace dala 5,000 a wani babban taron masana a Amurka. Ita kuwa mutuniyar Wangara ce ta ƙasar Gezawa, kuma sai da ta yi aure ta haihu kana ta shiga jami'a. Watau ƙuruciyar da ake nufi ba ta shekarun haihuwa kaɗai ba ce, har da ta shiga fagen aiki. Abin lura, mutanen nesa ne suka fara ganinta suka yaba, na gida suka ji a rediyo.

Wadda ta fi kusa da bukatar Bunkure ita ce kyautar da aka sa wa sunan Norman Borlaug, Ba'amurken nan da ya yi aikin kyautata irin alkama a Meziko har aka ba shi lambar Nobel a 1970. An fara ta a 2012, ana ba da dala 10,000, da sharaɗin mai karɓa bai kai shekara 40 ba, kuma aikinsa a gona yake tare da manoma. Wadda ta fara samu, Aditi Mukherji, 'yar Indiya ce, kuma a kan noman rani ta yi bincike. Ta bi ƙauyukan Bengal ta Yamma tana tambayar masu ban ruwa da rijiya, ta gano cewa ruwa na nan a ƙasa, dokokin neman izni da tsadar jawo lantarki ne suka ɗaure ƙananan manoma. Ta kai wa hukuma hujja, aka sassauta dokar. Ta biyu, Charity Mutegi ta Kenya, a 2013, ta yi aiki a kan gubar da fumfuna ke sa wa masara da gyaɗa, wadda ta kashe mutane fiye da 100 a ƙasarsu a 2004. Fataken Dawanau sun san wannan guba, don takan sa a ƙi kayansu a kasuwannin waje.

Nijeriya ma tana da babbar kyautar kimiyya, wadda kamfanin iskar gas na NLNG ya fara a 2004, kuɗinta ya kai dala 100,000. Madalla da ita. Amma ta wanda ya riga ya gama aiki ce, har an yi shekaru da dama alƙalanta suka ce ba wanda ya cancanta, ba a ba kowa ba. Malamai sun san irin wannan a babin ji'ala: wanda ya dawo da bataccen raƙumi yana da kaza, wanda bai dawo da shi ba ba shi da kome, ko da ya sha wuyar nema. Halal ce, amma sai mai guzurin shiga daji ke cin ta. Abin da matashi ke bukata ya fi kama da abin da attajiran Kwari da Kurmi suka gada: ubangida ya ga yaronsa yana da gaskiya da kaifin hankali, ya ɗebi jari ya ba shi tun bai ci riba ko ta anini ba. Da wannan ɗabi'a aka gina kasuwancin Kano, kuma da wuya a sami babban attajiri da bai taɓa zama yaron wani ba.

Kada wani ya ce wannan ilmin boko ne, ba ruwan malamai da shi. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi, da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa, cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yin su duka gari ya yi laifi. Kuma ba da kyauta don ƙarfafa matasa ba baƙon abu ba ne. Tun 1986 ake musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ana ba da motoci da kujerun Makka, kowa kuma ya ga yadda ta sa yara maza da mata suka duƙufa kan hadda da tajwidi. Alƙur'ani ya fi ƙarfin a kwatanta shi da kome. Abin nufi shi ne an riga an jarraba hanyar, an ga tana aiki.

Shawarar wannan shafi ita ce masu injinan casar shinkafa na Kura, da dillalan Kwanar Gafan da 'Yankaba, da fataken da ke loda motoci zuwa Kudu, waɗanda duk arzikinsu daga ruwan Tiga yake, su haɗa hannu su tsayar da hubusi domin kyautar shekara-shekara. Hubusi aka ce, ba zakka ba, domin zakka an riga an ƙayyade masu cin ta, kuma malaman mazhabar Imamu Malik ba su faɗaɗa wannan ƙofa ba. Gida ne ko rumfunan kasuwa za a tsayar, a riƙa cin hayarsu, uwar dukiya na nan ba a taɓa ta. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi da za a iya rubuta abin a gabanta. Ko da mutum biyu ko uku ne a shekara, ya isa a fara.

Wurin da za a yi hattara shi ne wurin zaɓe, don nan irin waɗannan abubuwa kan lalace. Ranar da aka ba ɗan wane don shi ɗan wane ne, ranar kyautar ta mutu, ko da an ci gaba da yin biki. A sa masana daga Samaru da Bayero da Wudil su duba ko hanyar gwajin daidai take. A sa manoma daga ƙungiyoyin masu ban ruwa su faɗi ko matsalar tasu ce, ko kuwa ta cikin littafi ce kawai. A sa malami amintacce ya zama mai kula da hubusin, ya karanta lissafi a bainar jama'a kowace shekara. Mace da namiji duk su nema, wanda ya fi hujja ya samu. Kuɗin kuma a raba shi: kaɗan tukuici ne na mai shi, mafi yawa na aiki ne, a riƙa saki kashi-kashi.

Sai dai masu bayarwa su san wani abu tun da wuri: bincike ba odar kaya ba ne. Wani zai shekara biyu yana gwada magani, a ƙarshe ya ce bai yi ba. Wannan ma amfani ne, don ya hutar da dubban manoma asarar sayensa. Masu tarihi sun ruwaito cewa Ibnul Haisam, mutumin Basra, ya ce zai iya sarrafa ambaliyar kogin Nilu, Sarkin Masar Alhakim ya kira shi ya ba shi ma'aikata. Da ya isa kudancin Aswan ya ga girman kogin, ya san abin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa, ya komo ya faɗi gaskiya. Tsoron fushin sarki ya sa ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har sarkin ya ƙaura a 1021. Shi ne kuwa ya wallafa Kitabul Manaziri a kan gani da haske, wanda Turawa suka fassara suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu. Madatsar Aswan ba a gina ta ba sai 1902. Attajirin da zai tsananta wa mai bincike don gwaji bai ci ba, yana koya masa ƙarya ne, gobe sai ya kawo masa rahoton da yake so ya ji. Wanda za a hukunta shi ne wanda ya ci kuɗin bai je gona ba.

Sharaɗi guda kuma kada a yi sassauci a kansa. Duk wanda ya ci kyautar, in ya gama, ya zo Bunkure ko Kura ranar kasuwa ya tsaya gaban manoma ya faɗi abin da ya gano da Hausa, a tambaye shi ya amsa, a kuma buga shi da ajami da boko a raba a masallatai da makarantun allo. Takardun Turanci da ake bugawa a mujallun waje suna ƙara wa mai su girma a jami'a, amma manomin Gafan bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Tumatirin rani ana yafa irinsa tun damina na ja da baya, alkama kuwa ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba in sanyi ya fara sauka. In attajirai za su zauna a kan wannan magana, to su zauna kafin lokacin, domin wanda aka zaɓa ya kafa tarkunansa tun tumatir yana rege, ya bi shi har tsinka.